DIRAYAR GASHI: WADDA ZA KU SARO DA WADDA ZA KU BARI

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan na'urar busar da gashi, wadda mata da masu shagon gyaran kai su ke kira diraya. Kaya ne mai tafiya gab da Sallah da lokacin bukukuwa, don yanzu har cikin kayan amarya akan sa ta. Amma kuma kaya ne mai dawowa da rigima. Wannan ta ce ta ƙone mata gashi, waccan ta ce bakinta ya narke, mai shago kuwa ya ce mako uku ya yi da ita ta mutu. Duk wanda aka dawo wa da kaya ya yi asara biyu, ga kuɗi ga abokin ciniki.

Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, iska ce ke busar da gashi, zafi taimaka mata ya ke yi. Ku duba wanki. Da hunturu ana sanyi, amma rigar da aka shanya da hantsi kafin azahar ta bushe ƙayau, domin iska tana kaɗawa kuma ba ta da laima. Da damina kuwa ana gumi, riga sai ta wuni a igiya da danshinta. To, haka diraya ta ke. Mai iska da ƙarfi da zafi daidai tana busar da kai da sauri, gashi ya tsira. Mai iska kaɗan da zafi mai yawa gasa gashi ta ke yi. Da wannan ma'auni za ku auna kowace diraya, ta araha da ta tsada.

YADDA ZAFI KE ƁATA GASHI

Silin gashi an yi shi ne da wani abu da a ke kira keratin, irin abin da ke cikin farce da ƙaho da kofato. Shi ya sa ƙaurin gashi da na babbaka iri ɗaya ne. Kowane sili yana da ɓawo a waje, an jera shi ɗaya bisa ɗaya kamar kwanon rufi, shi ke tsare abin da ke ciki. Idan zafi ya yi yawa sai ɓawon nan ya ɗaga ya tsage, gashi ya daina sheƙi, ya yi kaushi, bakinsa ya rabu biyu, ya riƙa karyewa a mataji.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Idan aka kafa wa jiƙaƙƙen gashi zafi mai tsanani a wuri ɗaya, ruwan da ke cikin silin sai ya zama tururi ya kumbura shi daga ciki, ya bar ƙananan ramuka. A nan gashin zai tsinke.

Kuma gashin da ya riga ya fito daga fata ba ya warkewa. Mai da a ke shafawa yana lulluɓe ɓarnar ne kawai. Gashi yana ƙaruwa kamar santimita ɗaya a wata. Watau matar da diraya ta ƙone wa tsawon santimita 12, aikin shekara guda aka ɓata mata. Kun ga dalilin da ya sa ba ta mantawa da rumfar da ta saya.

Har ila yau gashin baƙar fata ya fi bukatar lallashi. Silinsa a murɗe ya ke, kuma kowace murɗa wurin rauni ce. Maiƙon fatar kai ba ya gangarawa zuwa bakinsa da sauƙi, don haka da ma can a bushe ya ke. Wanda aka sa wa man miƙar da gashi ko rini ya ƙara rauni. Gashin doki na roba kuwa, da yawansa narkewa ya ke yi in ya ji zafi.

A shekarar 2011 waɗansu likitocin fata na Jami'ar Yonsei a Koriya ta Kudu sun buga sakamakon wani gwaji. Sun wanke gashi sun busar har sau 30. Da aka riƙe diraya nesa da gashi da santimita 15, zafin ya tsaya digiri 47. A santimita 10 ya kai 61. A santimita 5 ya kai 95. Ɓarnar ɓawo tana ƙaruwa yadda zafin ke ƙaruwa. Sun kuma ga cewa gashin da aka bari ya bushe da kansa ya daɗe a jiƙe, shi ma ya sami tasa ɓarnar daga ciki. Abin da ya fi sauƙin ɓarna shi ne riƙe diraya a santimita 15 ana kaɗa hannu ba tsayawa. Santimita 15 kamar tsawon biro ke nan. Wannan magana ce da za ku iya gaya wa mai saye a bakin rumfa, ba ta ci muku ko kwabo ba.

ABIN DA KE CIKIN DIRAYA

In kun kwance ta, abu huɗu za ku gani. Akwai inji da fankarsa a baya, shi ke jawo iska. Akwai waya mai zafi, ta garwin nikel da kuromiyam, an naɗe ta a kan allon maika wanda ba ya cin wuta. Akwai ɗan ƙarfe mai yanke wuta da kansa idan zafi ya wuce iyaka, sa'an nan fis na zafi wanda ke tsinkewa gaba ɗaya in abin ya ƙi. Na huɗu raga ce a baya mai tare ƙura da gashi.

Wayar zafi araha gare ta. Inji mai kyau shi ne mai tsada. Saboda haka mai ƙera jabu yakan cika zafi ya rage inji, wani ma ya cire mai yanke wutar. Mai saye ya kunna ya ji zafi ya dake shi, ya ce lalle wannan tana da ƙarfi. Ashe ita ce mai ɓarnar.

Inji iri uku ne. Na DC, shi ne a yawancin na gida, ba nauyi, ba tsada, amma ba ya jure aikin wuni. Na AC, mai nauyi, iska da ƙarfi, shi masu shago ke nema don ya fi daɗewa. Na uku shi ne sabon yayi, marar burushin kabon, ƙarami ne amma gudunsa ya ninka na sauran sau da yawa.

MAGANAR WAT DA BOLT

Lambar da ke jikin kwali mai harafin W, watau wat, tana nuna yawan wutar da na'ura ke sha. Mafi yawan wutar nan wayar zafi ke shanye ta. Ba ta gaya muku ƙarfin iska ba, balle kyawun aiki. Dirayar hannu ta ƙwarai yawanci tana tsakanin wat 1200 da 2400.

Ga lissafin da zai tona asirin kwali. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, fulogi mai ƙafa uku kuwa fis ɗinsa amfiya 13 ne. 230 sau 13 ya ba da 2990. Watau soket na gida ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin wat 3000. Duk dirayar hannu da ku ka ga an rubuta mata 4000 ko 5000 ko 6000, ƙarya ce a rubuce. Wanda ya yi ƙarya a kwali kuwa, ku tuhumi abin da ya sa a ciki.

Sai bolt, mai harafin V. Wutar Amurka 120 ce, ta Japan 100. Dirayar Amurka in aka sa ta a wutarmu, zafinta zai yi kusan ninki huɗu, nan take ta ƙone. Masu ɗaukar gwanjo da kayan da aka aiko daga ƙetare, ku duba rubutun da ke jikin mariƙi, ku tabbata an sa 220 zuwa 240. Akwai na matafiya masu ɗan makunni da a ke juyawa tsakanin wuta biyu. Ku juya shi zuwa 240 da hannunku kafin ku miƙa. Tsofaffi ƙwarai kuwa ku bar su, domin a 1979 an janye miliyoyin diraya a Amurka saboda an sa musu asbestos a ciki, wanda ƙurarsa ke cutar huhu.

Masu kai kaya ƙetaren iyaka su lura da fulogi. Nijeriya da Gana mai ƙafa uku su ke amfani da shi. Nijar da Kamaru da Chadi sun fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Wanda zai kai Maraɗi ko Damagaram ya zaɓi irin nasu tun daga wurin sari, don ƙaramin adafta na araha ba ya jure wutar diraya, narkewa ya ke yi. Haka ma siririyar wayar ƙari.

Ku kuma tambayi mai saye da wace wuta zai yi aiki. Ƙaramin janaretan nan na Tiger ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauki diraya mai wat 2000 ba. Ƙaramar inbata ta sola ma haka. Kada ku sayar wa mutum abin da ba zai iya kunnawa ba, gobe ya dawo ya ce ba ta aiki.

SAHUN FARKO: MAI KUƊI KAƊAN

Farashin wannan kaya yana bin dala, musamman tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, don haka sahu-sahu za mu kasa su, ku kwatanta da farashin ranar da za ku yi sari.

Sahun farko shi ne na matar gida da ɗaliba, masu wanke kai sau ɗaya a mako ko bayan tsifa. Injin DC ne, wat 1200 zuwa 1600. An ce araha ba ta ado, amma a nan ana samun mai kyau in an zaɓa. Abin da ba za ku sassauta a kai ba shi ne: matakin zafi aƙalla biyu, da madannin iska mai sanyi, da mai yanke wuta a ciki, da waya mai kauri, da bakin nan mai faɗi kamar na agwagwa da a ke maƙalawa a gaba. In an sami wadda ragarta ta baya ke cirewa, ta fi.

Wadda za ku guje wa ita ce mai makunni ɗaya tal, kunna da kashe. Da ita mace ba ta da yadda za ta rage zafi. Haka ƙananan nan masu naɗewa na tafiya, bakinsu ƙarami iskarsu kaɗan, sai an matso da su kusa da kai kafin su yi aiki, kuma kun ji abin da kusanci ke yi.

SAHU NA BIYU: MATSAKAICI

Nan ne ya kamata yawancin jarinku ya zauna. Wannan sahu na makitsa ne da masu shagon gyaran kai da gida mai 'yan mata da yawa. Injin AC, wat 1800 zuwa 2200, waya doguwa ta kai mita biyu da rabi ko uku. Babbar alamarsa makunni biyu ne daban, ɗaya na zafi ɗaya na gudun iska. Wannan rabuwa ita ce abin da a ke biyan kuɗi dominsa, don da ita a ke iya sa iska a sama zafi a ƙasa, wanda shi ne abin da gashi ke so.

Ku nemi wadda ta zo da mataji mai maƙalawa a baki, haƙoransa masu faɗi, domin shi matanmu suka fi tambaya. Akwai kuma kwano mai yatsu da ke warwatsa iska, na masu son gashi ya bushe a murɗensa. Sunayen da aka sani a wannan sahu akwai Philips da Remington da BaByliss da Wahl, sai Parlux ta Italiya da ta ɗara su tsada. To, amma sunan da ya yi kasuwa shi a ke yi wa jabu. Ku dubi rubutu, ku dubi nauyi, ku nemi rasit da garanti daga wanda ku ka saro wurinsa, ko a Sabon Garin Kano ne ko a Alaba ta Legas. Masu shigo da kaya da kansu kuwa sun san da takardar SONCAP, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya ta fara nema tun 2005.

Za ku ga kwalaye an rubuta ayonik, ko siramik, ko turmalin. Ayonik tana rage tashin gashi da mannewarsa a mataji, abin da ya fi damu da hunturu. Siramik ana sa shi don zafi ya bazu daidai. Suna da ɗan amfaninsu, amma ba ɗayansu da ke hana ƙuna in zafi ya yi yawa. Kada ku biya ninki saboda kalma.

Mai shago ya haɗa da diraya ta zama, wadda a ke sa kai cikin kwanonta. Zafinta sassauƙa ne, yana zagaye kai duka, sai dai tana ɗaukar lokaci. A duba tana da makunnin zafi da na lokaci. Wanda bai da kuɗinta, akwai hular yadi mai bututu da a ke ɗaurawa a bakin ta hannu, a sa zafi a matakin ƙasa.

Akwai kuma mai kama da buroshi, mai taje kai tana busarwa. Tana kasuwa don sauƙinta, amma jikinta yana taɓa gashi kai tsaye. Ku gaya wa mai saye ta bari kai ya sha iska tukuna, kada ta sa a gashi yana ɗigar ruwa.

SAHU NA UKU: MAI TSADA

A 2016 kamfanin Dyson na Ingila ya fito da Supersonic a kan dala 399 a Amurka. Injinta yana juyawa har sau 110,000 a minti ɗaya, wutar da ta ke sha wat 1600 ce. Tana da ma'auni a baki mai auna zafin iska sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, yana gyarawa. Matakanta digiri 60, da 80, da 100, da iska mai sanyi. Ku lura da wat ɗinta bai kai na sahu na biyu ba, amma tana busarwa da sauri, don ƙarfinta a iska ya ke. Daga baya kamfanonin Sin irin su Laifen da Xiaomi sun fito da nasu masu irin wannan gudu a farashin da ya yi ƙasa da nata ƙwarai.

Ribar ɗaya a wannan sahu tana da kauri, amma akwai abin lura uku. Na ɗaya, jabun Dyson ya cika duniya, kamarsu ɗaya a ido. In an yi muku tayin da ya yi araha fiye da hankali, ku ce albarka. Na biyu, cikinta allon lantarki ne irin na kwamfuta, wutar da ke hawa da sauka tana iya kashe shi, kuma mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ba zai iya naɗe shi kamar fanka ba. Na uku, kaya ne mai jinkirin fita. Ku ɗauki ɗaya ko biyu, ko ku jira sai an yi oda, kada jari ya yi kwantai.

GWAJI KAFIN A BIYA

Gani ya kori ji. Kada ku sallama kuɗi sai an kunna. Ku sa matakin zafi na ƙasa, ku riƙe bayan hannu a tsawon biro, ku ƙirga goma. In ba ku iya jurewa ba, fatar kan yarinya ma ba za ta jure ba. Ku leƙa cikin baki daga gefe. In wayar ta yi ja kamar garwashi, iska ba ta isa ba, ku ajiye. Ku danna madannin sanyi, cikin ɗan lokaci kaɗan ya kamata iska ta huce. Ku bar ta minti biyar, sa'an nan ku taɓa waya da fulogi. In sun ɗau zafi, wayar siririya ce. Ku saurari ƙara, kada a ji kaɗawa ko gurnani. Ku shinshina, ƙaurin roba da bai tafi ba alama ce mummuna.

Mai ɗaukar katan-katan ya sadaukar da ɗaya, ya kai wa mai gyara ya buɗe a gabansa, a ga mai yanke wuta da fis ɗin zafi suna nan. Asarar ɗaya ta fi asarar dozin goma. Dillali kuwa ya yi wannan gwaji gaban mai saye da mai sayarwa, la'adarsa ta fita ba ƙorafi.

ABIN DA ZA KU GAYA WA MAI SAYE

Ta fara tsane ruwa da tawul, dannawa ba gurzawa ba. Ta shafa man kare zafi in tana da shi. Ta raba gashi kashi-kashi. Iska a sama, zafi a tsakiya ko ƙasa, nesa tsawon biro, hannu yana tafiya daga tushe zuwa baki. Ta ƙarasa da iska mai sanyi. Kada a kusantar da diraya da bokiti ko baho mai ruwa, ko a kashe ta ke, muddin tana jikin soket, domin wannan kan kashe mutum. A riƙa share ragar baya da tsohon buroshin haƙori, musamman da hunturu, don raga in ta toshe iska ta ragu, zafi ya hau, ko mai tsada ce sai ta ƙona.

Mai shago kuma ku yi masa lissafin wuta. Diraya mai wat 2000 tana shan yunit ɗaya cikin rabin awa. Kai goma a rana, kowane kwata ɗin awa, yunit 5 ke nan. A watan Afrilu na 2024 an kai yunit ɗaya na rukunin Band A naira 225. Wadda ke gama kai da wuri tana rage masa wannan kuɗi ko man janareta kowace rana, sannu a hankali ta biya bambancin farashinta.

Shawararmu ga mai jari matsakaici ita ce, ya zuba mafi yawa a sahu na biyu, ya ajiye zaɓaɓɓu na sahun farko don masu ƙaramin ƙarfi, na uku kuwa sai da oda. A yi sari da wuri kafin cunkoson Sallah, lokacin da a ke da sukunin kunna kowace ɗaya.